Ƙafar da Ta Ƙi Daina Taka Keke

Ina durƙushe gaban wata mata ina awon tsawon siket, allura biyu a bakina, wayata ta yi ƙara a kan teburin yanka. Ban ɗauka ba. Ta katse, ta sake shigowa. Matar ta ce in ɗauka mana, ai tana nan ba inda za ta. Na duba na ga Auta ce, ɗiyar Yaya ta ƙarshe. Har na shirya yi mata tsiya cewa uwarta ta zama 'yar hutu, rana ta ɗaga keken ɗinkinta yana rufe da zane. Ba ta bari na buɗe baki ba. Ta ce, "Goggo, Allah ya yi wa Mama rasuwa." Wai ta karya, ta ɗaura ɗankwali za ta fito shago, ta ce kanta yana sara mata. Ta zauna a bakin gado, ba ta ƙara tashi ba.

Ban san lokacin da na zare alluran daga bakina ba. Matar nan ce ta cire mini tef ɗin awo daga wuya, ta zaunar da ni, ta ja ƙofar shagon.

Ni da Yaya ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Shago muka haɗa, shekara ashirin da shida, ƙofa ɗaya, teburin yanka ɗaya, kekuna biyu suna fuskantar juna. Ta girme ni da shekara takwas, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa tun ranar da ta fara ganina ta raɗa mini Gajera, domin sai na sa katako a ƙarƙashin keke kafin ƙafata ta zauna daidai. Har 'ya'yana suka girma suna jin sunan nan a bakinta, ban taɓa jin haushinsa ba.

Mahaifinta tela ne. Ta sha ba ni labarin yadda ya koya mata, tana da shekara goma sha uku. Wata guda cur bai bar ta ta taɓa yadi ba. Ya cire allura, ya cire zare, ya ce ta zauna ta yi ta taka keke kawai har ƙafarta ta iya ba tare da ta tuna da ita ba. Ya ce telan da yake tunanin ƙafarsa ba zai ga abin da hannunsa yake yi ba. Haka ta wuni tana takawa a banza, ƙannenta suna yi mata dariya, har ƙafar ta koya. Da wannan ƙafa ta dama ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan maigidanta, direban babbar mota, ya rasu ya bar ta da goyon Auta.

Idan aka kawo mata riga ta gani, ba ta kallon gabanta. Juya ta take yi ta duba ciki. Takan ce ado na mai riga ne, ciki kuwa na tela ne. Abin da ta fi ƙi a sana'armu shi ne gam ɗin nan da teloli na yanzu suke sawa a bakin riga su bi shi da dutsen guga maimakon su kalmashe su ɗinke. Ta ce aikin ragwaye ne, wanki biyu ya ɗaye. Akwai ranar da wata ta kawo mana doguwar riga mai tsada da aka ɗinka mata a wani wuri, bakinta duk ya saki. Yaya ta ɗaga rigar sama ta leƙa ta ƙasa, ta ce wa matar ta gode wa Allah da ba da miyau aka liƙa mata hannun ba.

Gyambon da ya kama ƙafar nan tata ta dama ya fara ne da ɗan ƙwarzane. Ƙarfen keke ya buge ta a saman idon sawu, ta goge jinin da ƙyalle ta ci gaba da aiki. Ƙafafunta dama sun daɗe suna kumbura da yamma, jijiyoyin sun fito ruɗu-ruɗu. Mako ya wuce, wata ya wuce, wurin bai rufe ba. Daga girman maɓallin riga ya kai girman tafin hannun yaro, daga nan ya kai nawa. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da shi.

Sau biyu a rana takan shiga bayan labulen da masu kaya suke gwada ɗinki, da ƙaramin bokiti da auduga da bandeji. Ina jin ƙarar ruwa, ina jin tana jan numfashi ta haƙora, sannan ta fito tana gyara ɗankwali kamar ba abin da ya faru. Ba ta kiransa ciwo. Ɗan haya take ce masa, wai ya shigo ɗaki ya ƙi fita. Amma na san abin da ya ci mata. Ta mayar da kekenta bakin ƙofa don iska ta riƙa kwashe warin. Ta daina shiga taron mata. Idan jikokinta suka zo da gudu za su faɗa jikinta, sai ta tare su da hannu tun daga nesa, ta juya musu ɓangaren hagu. Babu maganin da ba a kawo mata ba, na shafawa da na sha, na kanti da na gida. Wani ya ɗan busar da shi, mu fara murna, sai ya sake buɗewa. A shekara ta goma wani likita ya gaya mata a fili cewa idan ya ci gaba da cin ƙasa har ya kusanci ƙashi, maganar yanke ƙafa za a yi.

Ranar da muka dawo daga wurinsa shago ta wuce kai tsaye. Ta zauna a kekenta ta ɗinka riguna uku a jere ba ta ɗago kai ba.

Auta ce ta ji labarin wata likita a babban asibiti mai kula da irin waɗannan miyakun, ta matsa har muka je. Yarinya ce, ba ta fi sa'ar Auta ba, mai magana a hankali. Ta yi makonni tana wanke gyambon tana naɗe ƙafar da bandeji mai matsewa har naman ya yi ja ya daina ruwa. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Za ta yanko fata siririya daga cinya ta shimfiɗa a kan wurin. Yaya ta gyaɗa kai, ta ce ai wannan maho ne, ta san shi, sai dai a yi mata ɗinki ƙanana kusa da kusa. Likita ta ce ba ɗinki za ta yi ba. Fatar da ke kewaye da wurin ta yi rauni, allura za ta yaga ta. Da gam za ta manna.

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ta ce, "'Yata, gam? A jikin mutum?"

Likita ta yi murmushi ta ce ba irin na kanti ba ne. Daga jini ake samo shi, daga abin nan da yake sa jini ya daskare idan mutum ya yanke. Ruwa biyu ne a sirinji biyu, idan suka haɗu a kan naman sai su kama, su riƙe fatar ko'ina, ba a gefe kaɗai ba. Ta ce gam ɗin ba shi ne zai zauna ba. Aikinsa ya riƙe na 'yan kwanaki, har ƙananan jijiyoyin jini su tsiro daga ƙasa su shiga sabuwar fatar, daga nan jiki ya shanye shi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ta maimaita shi sau uku: kwana biyar kada ƙafar ta motsa. Jijiyoyin nan sun fi zare laushi, ko gocewa kaɗan fatar ta yi sun tsinke.

Yaya ta yarda ne don kunyar Auta, ba don ta gamsu ba. A hanya ta ce mini a raɗe, shekara arba'in tana zagin masu gam, ga shi za a yi mata bakin riga a ƙafa.

Aka yi aikin lafiya. Ta kwana biyu a asibiti, ta dame su da roƙo, suka sallame ta bisa alkawarin za ta kwanta a gida ƙafa a kan filo. Ta kuwa cika alkawari. Ko banɗaki ba ta taka ba, Auta ce take kawo mata komai har gado. Sai dai Yaya ba ta taɓa zama hannu rabbana ba tun tana yarinya. Da na je duba ta na same ta tana kallon silin, idonta ya faɗa. Ta ce shirun ɗakin nan zai kashe ta kafin ciwo.

Tausayinta ne ya kama ni. Washegari da safe na sa aka ɗauko kekena daga shago aka kai ɗakinta, aka ajiye kusa da taga. Na ce zan riƙa aikina a nan tana kallo, muna hira, tana kushe mini ɗinki yadda ta saba. Ta yi murna ƙwarai. Ranar har abinci ta ci da yawa. Na wuni ina ɗinki, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

A rana ta biyu da kai keken, wajen la'asar, ina tsakiyar doguwar kalmasa na ɗago kai zan tambaye ta wani abu. Ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Amma zanen da aka lulluɓe ƙafarta da shi yana motsi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na tsayar da keke. Zanen ya tsaya. Na ce ko idona ne. Na sake takawa a hankali, sai ga yatsun suna ɗagawa, diddige yana nutsewa cikin filo, daidai da bugun kekena. Ƙafar tana jin ƙara tana bi, mai ita tana barci.

Na sauke ƙafata daga keken. Wuni biyu ke nan ina ɗinki a ɗakin. Na rufe keken na ce kaina ke ciwo, na tafi gida. Ban gaya wa Auta ba. Na yi ta faɗa wa kaina cewa ɗan motsi ne, bandejin yana da kauri, wataƙila bai kai ciki ba.

Ranar da aka buɗe ina tsaye a gefen gado. Likita ta ɗaga auduga ta ƙarshe, ta sunkuya tana dubawa. Fatar ta goce gefe guda, ta tattare kamar yadin da aka ja da zare ɗaya, launinta ya yi toka-toka. Ɗan gefe kaɗai ya kama. Ta tambaya ko an taka ƙafar. Auta ta rantse ba a taka ba. Ko an sauke ta daga filo? Ba a sauke ba. Likita ta ce wani lokaci hakan yana faruwa, za a bar cinya ta warke a sake gwadawa. Ni ina tsaye ina kallon takalmina.

Yaya ba ta yi kuka ba. Da muka koma gida ta ce wa Auta magana ta ƙare. Ta yi duk abin da aka ce, ta kwanta kamar gawa, abin bai zauna ba, don abin da aka manna ba ya zama. Ba za ta sake ba da cinyarta a yanka don a yi wasa da ita ba. In yankewa ce, a yanke ta huta. Auta ta yi roƙo, yayyenta maza suka zo suka yi, Yaya ta juya fuska bango.

Kwana tara ina ɗauke da maganar nan. Ina zuwa, ina gaishe ta, ina kawo mata labarin shago, ina komawa. Tsoro nake ji, ba na faɗanta ba, don faɗanta na saba da shi. Ina tsoron ta dube ni ta tuna zafin cinyarta da kwanakin da ta yi a kwance, ta san ni ce na ɓata. Amma kullum na shiga sai in ga gyambon ya fara ruwa kamar da, kuma na san muddin tana ganin laifin gam ne, ba za ta koma asibiti ba. In na yi shiru na tsira da mutuncina, ita ta rasa ƙafa.

A rana ta goma na shiga na rufe ƙofa. Kekena yana nan inda na bar shi kusa da taga. Na zauna a bakin gado na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ƙarya ne, ƙafarta ce, da ta motsa da ta sani. Na ce to ta yaye zanen ta zuba mata ido. Na zauna a keke, ban ma sa yadi ba, na fara takawa, ina ba ta labarin wata mai kaya da ta zo neman rigarta. Ta riƙe ƙafar da ƙarfi tana hararata. Da labarin ya yi daɗi ta sa baki tana tambayar wace ce, sai ga yatsun sun ɗaga. Na ce, "Yaya, duba."

Ta duba. Ta daɗe tana kallon ƙafar tana aikinta ita kaɗai a kan filo. Na tsayar da keken, ƙafar ta tsaya.

Ta ce, "Baba ne. Shi ya koya mata kada ta jira ni."

Na fashe da kuka ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in share fuska, da ba a kawo keken ba da ita da kanta za ta aika a kawo. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne kwana tara da na bari tana zagin baiwar Allah likita da gam ɗinta a banza. Ta ce, "Gajera, tsawonki kaɗan, wautarki har silin. Kira mini Auta."

Da muka gaya wa likita, ta riƙe baki ta ce wannan ba ya cikin abin da aka koya musu. A karo na biyu ta ɗaure ƙafar a jikin wani abu mai tauri tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, yadda idon sawu ba zai lanƙwasu ba, ta kuma ƙi sallamar ta sai bayan mako guda. Ni na zauna da ita kwanakin nan, da allurar hannu da tarin riguna masu jiran maɓalli. Ko fankar ɗakin ta fara wani ƙas-ƙas sai in tashi in kashe, mu sha zafi. Yaya takan yi wa ƙafar magana kamar mai lallashin yaro, ta ce mata ta kwanta, an ba ta hutu, shago ba zai gudu ba.

Aka buɗe a rana ta bakwai. Fatar tana kwance lif, ta yi ja-ja, ta kama ko'ina. Yaya ta sa aka ba ta madubi ta duba gefe-gefen da kyau, kamar yadda take duba cikin riga. Ta nemi inda ya ɗaga ba ta samu ba. Ta ce wa likita, "'Yata, aikinki ya yi tsabta." A bakin Yaya babu yabon da ya wuce wannan. Ni a shekara ashirin da shida sau biyu ta faɗa mini.

Sai da aka ƙara wata biyu kafin wurin ya rufe gaba ɗaya. Likita ta ba ta doguwar safa mai matse ƙafa ta ce kullum ta sa, ta kuma ce yanzu taka keke da tafiya alheri ne gare ta, suna taimakon jini ya koma sama. Yaya ta ce ashe dai ƙafar tana da gaskiya, lokaci ne ba ta sani ba.

Shekara uku ta yi da busasshiyar ƙafa. Ta mayar da kekenta ciki inda yake da. Bokitin nan na bayan labule muka mayar da shi na zuba guntayen yadi. Ta koma shiga cikin mata, tana zama a tsakiya ba a bakin ƙofa ba. Na ga ranar da ƙaramin jikanta ya zo da gudu ya rungume ƙafar dama, ta ɗaga hannu za ta tare shi don sabo, sai ta sauke hannun a kansa. Game da gam ɗin bakin riga kuwa ba ta sauya ra'ayi ba ko kaɗan. Ta ce wancan na jini ne, ya san aikinsa riƙo ne na ɗan lokaci ya ba nama wuri, wannan kuwa so yake ya maye gurbin tela.

Abin da ta fi so a shekarun nan shi ne tafiya. Wurin da za a hau mota, ita sai ta taka. Yammacin da ya zama na ƙarshe mun rufe shago tare, ta riƙe mini jaka ina sa kwaɗo. Hadari ya haɗu, na tsayar mana da mota a bakin titi. Ta ce in hau ni kaɗai, ita da ƙafa za ta. Na ce da nisa, ga ruwa yana shirin sauka, ga ta da ciwon kai tun rana.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bakin ƙofar nan ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Bar ni in taka tawa."

Direba ya yi ham. Na sa ƙafa ɗaya a mota, na waiwaya na ga har ta yi gaba. Na ce ya tafi, na bi ta da sauri ina kiran ta jira ni.

Ba ta tsaya ba, ta dai rage sauri. Ta ce, "In kin biyo ni kada ki yi mini mita a hanya."

Na ce, "Sai na yi."

Ta ce, "To taho, Gajera. Takunki biyu, nawa ɗaya."